Murhun Inna Kuluwa

Tun da butalin gaz ya shigo gidanmu a Mokoyo
murhun Inna Kuluwa ya yi shiru.
Bakinsa wangame a bangon madafa,
baƙi ƙirin, kamar mai hamma da ya manta rufewa.

Na kira Lawali magini.
Ya durƙusa, ya auna da taƙi:
"Bulo shida, rabin buhun siminti,
jaka biyu kuɗin hannu. Sai Asabar."

Daren Juma'a na shiga kwashe toka.
Ga ludayi mai ƙonannen baki,
ga dala guda da tsatsa ta ci,
ga duwatsu uku, kowanne da gurbin
da gindin tukunya ya bari.
Na ɗaga na farko.
Hannuna ya ƙi na biyu.

Da Lawali ya iso da amalanke
na ba shi na goro, na ba shi haƙuri.
Ya ce, "Ɓera ka bar wa ɗaki."
Ban musa ba.

Na kankare kunkunniya, na zuba yashin gulbi,
na ɗora randar Jiratawa bisa duwatsun.
Ta zauna daram.

Yanzu in yara sun taso lakwal
can suke rugawa da moɗa,
daidai inda Inna ke daka mana tsawa:
"Ku ja baya, wuta ce!"

Jiya Hajo, autarmu, ta ce
ruwan yana ƙanshin hayaƙi.
Na sha, ban ji ba.
Na sake ɗiba.