Bangon da Bai Gama Gumi Ba

A Aboabo, bayan kwalbatin da ke ambaliya in sama ta ɓata rai,
Hajiya Lariba mai koko ta tsayar da ɗaki biyu.
Shekara goma sha ɗaya tana zubin adashi,
da kwanon koko ta sayi kwanon rufi,
magini ya shafe ciki, ya wanke cokalinsa, ya tafi.

Ranar Talata ta aiko a kira ni:
"Gariba, jikata ta iso jiya, suna ran Litinin.
Shuɗi nake so, irin na sama bayan an ɗauke ruwa."

Na shiga. Warin ɗanyen siminti ya tare ni,
bango duhu-duhu kamar hantar da ba ta ga wuta ba.
Na ɗora bayan hannuna. Sanyi.
Na yanko leda, na manna ta a kusurwa,
na ce mu haɗu da asuba.
Da asuba raɓa ta kwanta a cikin ledar.
"Hajiya, bangonki bai gama gumi ba."

"In kuɗi ne, na ƙara sidi hamsin."
"Ba kuɗi ba ne."
"Wani a Asawase ya ce gobe-gobe zai gama."
"Zai gama. Kafin azumi kuma ki kwashe shi da tsintsiya."

Ban gaya mata ni ma na taɓa zama wancan mutumin ba.
Ina yaron Baba Isaka, ya tafi jana'iza Ejura,
na shafe wani shago a Alabar cikin yini guda,
na karɓi yabo, na sayi takalmi.
Wata biyu fentin ya yi bororo,
ya ɗaɗɗago kamar fatar wanda ya ƙone,
farin gishiri na tsattsafowa ta ƙarƙashi.
Baba bai zage ni ba. Ƙarfe ya miƙo mini.
Kwana huɗu ina kankare gaggawata.

Aka yi suna a ɗaki mai launin toka.
Atamfa suka rataya suka rufe kunyar bango,
Hajiya ta wuce ni da faranti, ba ta dube ni ba.

Daminar Kumasi ba ta san sauri ba.
Na buɗe tagogi, na aro fanka,
ina leƙowa kamar mai dubiya.
Mako biyar, duhun yana janyewa daga sama zuwa ƙasa,
sai gindin bango, shi ne mai taurin kai.
Ran da leda ta kwana a bushe
na kakkaɓe gishirin da busasshen burushi, ban sa ruwa ba,
na bi ƙurajen da sanfefa, na cike tsaga, na share ƙura.

Shafin farko na tsinka shi da ruwa.
Hajiya ta leƙa bokiti, ta riƙe haɓa:
"Ni mai koko za a nuna wa tsinkakke?
Da ni na dama wannan, da an daina sallama a ƙofata."
Na ce, "Bangon nan azumi ya kai.
Mai buɗa baki da ruwa yake farawa, ba da tuwo ba.
Ki ba shi mai kauri, ya zuƙe ruwan, ya bar miki ɓawo."

Ya sha. Na bar shi ya kwana.
Na yi na biyu, na tafi gida.
Na uku sai jibi, daga taga zuwa ƙofa,
ban tsaya a tsakiyar bango ba ko da aka kira la'asar.

Bara na biyo ta layin da tsani a kafaɗa.
Jikar, Azara, ta zana akuya da gawayi a ƙarƙashin taga.
Hajiya ta jiƙa tsumma, ta goge.
Akuya ta tafi, shuɗi ya tsaya.
Ba ta ce komai ba.
Ta zuba mini koko, mai kauri,
ta ture kuɗin da na ajiye.