Ƙishirwar Itace

A garin da gishiri ke zufa cikin kwalba,
takalmi ya kwana uku ƙarƙashin gado ya fito da furfura,
ashana ta ƙi kamawa, tawul ya ƙi bushewa,
a nan, a Ikko,
wai ni ne mai shayar da itace.

Laifin ɗakin aikina ne.
Hawa na tara, Marina, bayan ƙofa biyu,
inda na'urorin banki ke gunaguni dare da rana
kuma na'urar sanyi ba ta ƙiftawa.
Tatsar iska take kamar nagge,
ta zubar da abin da ta tatsa ta bututu, kan masu wucewa.
Leɓena kan tsage kafin asuba.
Ban kawo cewa ita ma tana ji ba.

Ukulele ce, 'yar jita mai tsirkiya huɗu,
tsawonta bai kai hannuna ba.
Tasalla ta bar mini ita ran da ta wuce karatu:
"Yaya, riƙe mini. Kar ka bari ta yi shiru."
Sai na riƙa goya ta zuwa aikin dare
cikin jakarta ta yadi mai laushi, mai zif rabi-da-rabi.

Wata biyar, muryarta ta soma dishewa.
Ƙarafan wuyanta suka fito suna yakushin yatsana.
Ran nan na juya ta ƙarƙashin fitila:
tsaga, siririya kamar gashin gira,
daga cibiya ta nufi ƙasa.

Baba Kehinde, kafinta a Ebute Meta,
ya kara ta a kunne, ya ƙwanƙwasa kamar mai zaɓen kankana.
Da Hausarsa ta Agege ya ce,
"Itace ba ya mance shi bishiya ne.
Ka sare shi, ka fere shi, ka shafe shi da mai,
yana nan yana neman ruwa."
Ya ɗiga gam, ya ɗaure ta kwana biyu,
ya karɓi dubu uku, ya ba ni soso kyauta.

Ga yadda ake yi.
Robar sabulu mai murfi, na gasa ƙusa na huda ta goma sha ɗaya.
A jiƙa soso, a matse,
a sake matsewa har ya daina hawaye,
don ba sha take ba, shaƙa take.
A kwantar da robar kusa da wuyanta, a ja zif.

Amma jakar yadi ba ta riƙe amana.
Abin da ka ba ta da isha,
kafin kwana biyu ta rabar wa ɗaki.
Akwatin katako da zai riƙe, na tambayi kuɗinsa a Alaba,
na yi dariya, mai shago ma ya taya ni.

Sau ɗaya na wuce gona da iri:
na mance soso a ciki, muka hau danfo, hadari ya tsinke a kan gada,
muka yi hutun mako a Idi-Araba, taga buɗe.
Na zuge jaka, funfuna ta yi mini sannu da zuwa.
Tun ranar na koya: in za mu hau bene, soso ciki;
in mun sauko gari, soso aljihu.

Yanzu ƙarfe biyar, in na je alwala,
nakan tafi da shi.
Ni hannu, baki, hanci, fuska,
shi kuwa loma guda ta ishe shi.
In na dawo, na taɓa tsirkiya ta uku a hankali,
ita ce mai fara faɗin gaskiya.

Tasalla ta kira jiya, layi na yankewa.
Ta ce, "Tana nan?"
Ban amsa ba. Na ajiye wayar a kan tebur, na zuge jaka.