Faifai Mai Ƙofa Uku

A Oruro, inda iska ba ta cika huhu,
motar kamfanin ma'adinai ta sauke mana kwamfuta arba'in da biyu,
tsofaffi, an wanke musu kai tas,
ko sunansu ba su sani ba.
Shugaban makaranta, Don Casiano, ya ce,
"Leocadia, ran Litinin yara za su zauna."
Ranar kuwa Alhamis ce.

Na taɓa yi wa guda ɗaya da hannu.
Tambaya sai ka ce ɗan sanda a shingen hanya:
Wane harshe? Wace ƙasa? Ƙarfe nawa a garinku?
Kin yarda da sharaɗi? Rumbun, gida nawa zan raba shi?
Awa biyu kana gadin allo
don kawai ka danna "ci gaba".
Sau arba'in da biyu?
Ko jaki sai ya kayar da wannan kaya.

Na ce bari in amsa sau ɗaya in huta.
Na buɗe farin fayil, na jera amsoshi
tun ba a yi tambayar ba,
yadda uwa ke ƙulla guzuri
don ta san inda yunwa za ta tare ɗanta.

Faifai ɗaya, ƙofa uku.
Ta farko ga masu sauran ƙarfi.
Ta biyu, mara nauyi, ga masu haki.
Ta uku ba ta girka komai,
ƙwaƙwalwar na'ura kawai take lalube ta faɗi inda ya ruɓe.
In an yi daƙiƙa goma ba wanda ya zaɓa,
ta farko ta buɗe kanta.

Faifan farko da na ƙona ko tari bai yi ba.
Na biyu ya tashi, ya yi tsaye a tsakiyar hanya.
Na biyar, waƙafi ɗaya na manta,
waƙafi ɗaya, ƙanƙane kamar ƙwayar gero,
ya cinye mini rabin dare.
Bakwai suka lalace.
Mahaifiyata ta kwashe su a zanenta,
wai za ta rataye a gonar sha'ir su kori tsuntsaye.
Ta ce, "Ai ba a rasa ranar abu."

Daren Asabar, yatsuna sun ƙage don sanyi,
shayin ganyen koka ya huce a kofi,
na takwas ya shige, ya wuce, bai waiwayo ba.

Ran Lahadi na kwafe shi shida,
ina bi teburi teburi kamar mai shuka,
in saka, in kunna, in yi gaba.
Ɗakin ya cika da gurnani.
Ba wadda ta tambaye ni komai.
Guda ɗaya ce ta ƙi tashi, wannan dama kwananta ya ƙare.

Da la'asar suka fara farkawa.
Sai a lokacin na tuna:
akwai layin da ke neman sunan mai na'ura,
kuma ƙarfe ukun dare, don gwaji kawai,
na sa sunan da ya fara zuwa yatsana.

Barka da zuwa, Fermín.
Barka da zuwa, Fermín.
Allo arba'in da ɗaya
suna yi wa ƙanena maraba,
shi da ramin kuza ya rufe da shi shekara huɗu ke nan,
ko hularsa ba a fito mana da ita ba.

Na zauna a kujerar yara, gwiwata na taɓa haɓa.

Gyaran ba wuya.
Layi ɗaya ne, da faifai na tara.
Don Casiano ya leƙo, ya karanta, ya cire tabarau,
ya daɗe yana goge shi da bakin riga.
Ya ce, "Faifai tsada gare shi yanzu."

Ran Litinin wata yarinya a layi na uku,
kitso biyu, hanci na yoyo,
ta ɗaga hannu: "Malama, wane ne Fermín?"
Na ce, "Wani ne mai son lissafi.
Kama linzamin da hannun dama."