Dashen Mangwaro a Mabera

Ran Talata na sawo shi a Kwalkwalawa,
Ɗan mangwaro, tsawonsa iyakar gwiwa.

Na ɗaure shi bayan babur da igiyar rama,
Ganye sha ɗaya, duk hanya suna kaɗawa.

A tsakar gidana na Mabera na haƙa masa rami,
Daura da rijiya, gefen da katanga ke tsagewa.

Jikata Ige ta riƙe buta tana tambaya,
"Kaka, yaushe za mu sha?" Na ce, "Da sauran daɗewa."

Sati biyu yana tsaye kamar ango,
A na uku kunnuwansa suka fara saukowa.

Bakin ganyen ya yi ruwan ƙasa, ya murɗe,
Kamar takardar da wuta ta lasa kafin a kai ga janyewa.

Na ce ƙishi ne, ai bazarar Sakkwato ce,
Wadda kwalta kanta ke narkewa.

Na ba shi ruwa da asuba, na ƙara da azahar,
Bayan isha'i ma bokiti guda nake juyewa.

Na barbaɗa takin zamani, tafi biyu cur,
Na ce ci ka ƙoshi. Ashe wuta nake ƙarawa.

Sha ɗaya suka koma bakwai, suka koma huɗu,
Ige na tsince su, a gwangwani tana tarawa.

Ran Juma'a da aka sauko na tari Nomau,
Mai lambun bakin gulbi. Na ce, "Zo ka gani, yana macewa."

Bai ce uffan ba. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa,
Ya cusa yatsa a gindin, ya zaro yana sunsunawa.

"Malam, ƙasag ga ta yi tsami," in ji shi,
"Ba ƙishi na ba, cikin ruwa shika nutsewa."

Ya kankare ɓawon da farce ya nuna mini,
Kore shar a ciki. "Da rai nai, bar zancen mutuwa."

Ya tona sannu da hannu, bai taɓa fartanya ba,
Sai ga baƙar leda ta naɗe saiwa, ba ta sakewa.

Ledar da aka rene shi ciki, ni ban yage ta ba,
Na binne shi da rigarsa. Kunya ta hana ni tankawa.

Ya tsaga ta da reza, ya warware saiwoyin,
Ruɓaɓɓu ya datse, farare yana ƙyalewa.

"Kuma ka zurfafa, wuyanai na cikin ƙasa.
Icce ba gawa na ba, ɗaga shi shi samu numfasawa."

Muka tayar da shi yatsa uku, muka cike da jigawa,
Ya kwashe farin takin nan, can nesa yana watsarwa.

Ya ce a shimfiɗa ɓawon gyaɗa kewaye da gindi,
Kar dai ya taɓa jikin, don gara ba ta sanarwa.

Toka kaɗan a gefe. Zana ta yamma,
Ta tare masa ranar la'asar mai gasawa.

"Ruwa sai bayan kwana uku, da marece.
Sa yatsa tukuna. In da laima, wuce, ba zubawa.

Taki kuwa sai damina ta kankama."
Na miƙa masa na mota, ya yi murmushi yana turewa.

Abin da ya fi wuya shi ne zama kurum,
Hannuna na ƙaiƙayin guga, ni ina hanawa.

Kwana ashirin ba motsi. Cikin huɗun nan ma
Ɗaya ta faɗi, uku suka rage suna jurewa.

Yau da hantsi Ige ta shigo ɗaki da gudu,
"Kaka, ya yi jini!" Na fito zuciya na bugawa.

Can a ƙololuwa ga 'yan ganye biyar, jajaye,
Masu laushi kamar kunnen ɗan akuya ranar haihuwa.

Na kira Nomau a waya, "Ya ƙone kuma, ya yi ja!"
Dariyarsa ta danne ƙarar injin ban-ruwa.

"Malam, sabon ganyen mangwaro ja shika hitowa.
Bar shi. Kore na nan tahe, ba a yi mai gaggawa."

Na kife turmi na zauna ina kallo,
Ige ta zubar da gwangwaninta, sababbin take ƙirgawa.