Sikelin Ƙaura

Jatau ya ɗora buhuna a sikeli,
allura ta yi rawa ta tsaya.
Waya ya duba, ba buhun ba.
Ya ce, "Baba Tunau, yau ta faɗi."
Na ce, wa ya kayar da ita?
Ya nuna yamma da haɓa.

Can, in ji shi, ana biyan manomi
tun audugarsa ba ta yi fure ba.
Nan masu bin mu bashi suka ce
a janye hannu daga taki,
wai tallafi na koya wa mutum lalaci.
Shekara arba'in ina duƙe a kan kunya,
ashe ni ne malalacin.

Buhun taki bara tunkiya,
bana tunkiya da ɗanta,
har da igiyar.
Naira ta rame kamar saniyar bazara.

Masaƙar da ƙanena ya tsufa a Gusau
tantabaru ke kwana a rufinta.
Ige ta sayo wa jikana rigar gwanjo.
Wataƙila audugata ce ta dawo gida
bayan ɗan wani ya gaji da ita.

An ce tsere ne, kowa da ƙafarsa.
Su suka ja layin,
usur ma a bakinsu yake.

Na ƙirga kuɗin sau biyu a gindin tsamiya.
Jatau ya ce, "Baɗi ka shuka waken suya."
Na ce, shi wa ke yanka masa farashi?
Ya sake duba wayarsa.