Sabon Maƙogwaro

Ta girme ni da damina uku.
Baba ya saye ta da kuɗin gyaɗa,
ya sa mai fenti ya rubuta mata a goshi:
Sannu ba ta hana zuwa.

Kullum da asuba sai an lallashe ta.
Ka ɗaga bonat, ka tsiyaya fetur a kafireto
kamar mai yi wa ɗan akuya ɗura,
ka toshe mata baki da tafin hannu,
ta yi tari, ta yi kaki, ta yi gum.
Sai yaran unguwa su fito a guje,
su sa kafaɗa har gindin tsamiyar Sarkin Fawa.
Ladansu hawa ne zuwa kwalbati,
su diro, su dawo a ƙasa suna dariya.

Da mai ya yi tsada, lissafi ya ƙi.
Buhu ashirin na riɗi zuwa Gujungu,
rabin kuɗin dako ya bi salansa
ya tashi sama baƙi ƙirin.
Tasi'u ɗan Haladu makanike,
wanda ya yi shekara huɗu a Ƙofar Ruwa,
ya ce: Kawu, ba tsufa ke damun ta ba,
haɗiya take yi, ba ta tauna.
A sa mata injekta.

Haladu bai ce uffan ba.
Shekara talatin yana saita ta da kunne,
ya karkata kai a kan inji,
ya murɗa sukuru, ya dawo da shi ƙiris,
har muryarta ta zauna.

Na sayar da raguna biyu.
Lantana ta ba ni aron kwasar adashinta,
ta ce da shaida, ta kira ƙanwarta.

Kwana tara tana ƙarƙashin darbejiya
ciki a buɗe,
wayoyi ja da kore da ruwan ɗorawa
sun bazu kamar yaɗon kabewa.
Aka zura famfo a cikin tanki,
aka jera nozul huɗu,
kowace silinda da nata cokali, ba wawaso.
Aka ɗaure wani ɗan akwati a ƙarƙashin sitiyari,
wai shi ne ƙwaƙwalwa.
Na ce: to, da can da me take tunani?
Haladu ya nuna kunnensa,
ya ci gaba da ɓare goro.

Ran Lahadi na murɗa makulli sau ɗaya.
Ta tashi.
Ba tari, ba kaki, ba rantsuwa.
Ashe yara sun riga sun jeru a baya
sun dafa bodi suna jiran a ce hayya,
ta zame ta bar su da hannuwa a miƙe.
A madubi na gan su.

Ba zan ci amanar gaskiya ba:
galan ɗaya yanzu yana kai ni
inda biyu ke gazawa a da.
Lantana ta karɓi kuɗinta kafin kaka.
Rigata ta daina warin fetur,
akuya ta daina atishawa in na wuce.

Amma jiya, bayan Taura, da lodin kankana,
na ba ta man bumburutu na bakin hanya.
Wata 'yar fitila ta kama, launin manja,
sai ta tsaya cak.
Na ɗaga bonat, na miƙa tafin hannu,
babu bakin da zan toshe.
Na kira Tasi'u. Ya ce sai da kwamfuta,
kuma yana Ringim a ƙarƙashin wata motar.

Na zauna a inuwarta na fasa kankana.
A ƙarƙashin kujera, cikin buhun taki,
kafireton Baba na nan a naɗe.
Haladu ne ya wanke shi tas da kananzir,
ya miƙo mini bai dube ni ba.

La'asar ta yi, inuwa ta koma gabas.
Na zagayo na sake karanta goshinta.
Karin maganar na da sauran rabi,
Baba ya ce wurin ne ya yi kaɗan.