Kilo Huɗu na Aro

Shekara tara ina riƙe masa tawul
a wani ɗakin dambe bayan tashar mota a Obregón,
inda rufin kwano ke gasa mu kamar masara.
Nicanor Buitimea, kilo hamsin da bakwai.
Nan ƙashinsa ya tsaya da kansa,
ko ya ci, ko ya kwana da yunwa.
A wannan aji hagunsa ta kwantar da mutum goma sha ɗaya.

Sai ga takarda daga masu kuɗi:
hau aji biyu, ka zo sittin da ɗaya.
Na ce a'a.
Ya nuna mini rufin gidan uwarsa da yake yoyo.
Na yi shiru.

Doña Crescencia ta ɗora tukunya ba saukewa:
wake, gasasshen nama, gurasar alkama mai faɗin faifai,
ƙwai shida kafin rana ta fito.
Yana ci kamar mai biyan bashi,
yana ɗaga ƙarfe har wuya ya cika,
riga ta matse, maƙwabta suna tafi.
Ni kuwa ƙafafunsa nake kallo,
sun fara isowa a makare, kamar baƙin da aka tilasta.

Ranar awo na ga Heriberto Leyva.
Shi saukowa ya yi.
Kwana uku yana tofa yawu a kwalba,
sanye da rigar leda cikin zafin Sonora,
leɓe ya tsage, ido ya faɗa rami.
Suka hau sikeli ɗaya bayan ɗaya.
Sittin da ɗaya. Sittin da ɗaya.
Mai awo ya rubuta, aka ɗauki hoto.

Sikeli bai yi ƙarya ba,
tambaya ɗaya kawai aka yi masa.
Ba a tambaye shi faɗin wuyan hannu ba,
ko kaurin haƙarƙari,
ko wa zai sha ruwa daren nan ya koma gidansa na asali.
Komai ramar giwa, ta fi kwando goma.

Washegari Leyva ya shigo fili kamar an sāke shi,
kafaɗa ta dawo, ƙirji ya dawo.
Namu yana nan yadda muka ɗura shi.

A turmi na huɗu hagun ta tafi.
Na san ƙararta, na ji ta sau goma sha ɗaya,
daidai muƙamuƙi, ba kuskure.
Leyva ya ƙifta ido.
Shi ke nan. Ya ƙifta ido, ya ci gaba da tahowa.

Da Nicanor ya zauna a kusurwa
bai nemi ruwa ba, sai ya ce: ka gani?
Na ce na gani.
Na shafa masa mai a gira, na ce ka yi ta zagaye.
Amma da wace ƙafa?
Mun sayar da ita mun sayi wuya.

Turmi na tara na jefa tawul.
Bai yi mini magana ba har mako uku.

Yaran da ke zuwa yanzu suna tambayata.
Ina gaya musu na taɓa ganin ƙarami ya hau ya ci,
sau biyu na gani, da idona,
amma waɗancan sun hau da saurinsu a hannu,
ba su bar shi a gindin tsani ba.

Kilo huɗun sun tafi kafin damina, ba sallama.
An yi rufin, ja ne, ana hango shi daga titi.
Jiya na tarar da shi a inuwarsa
yana huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa.
Ya ce an sake kira daga masu kuɗi.
Bai ɗago kai ba.
Ni ma ban tambayi kilo nawa ba.